Ɗan ajinmu ya ce a cire sunansa daga littafin cika shekara 50

Sakataren_Aji76:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman daga manyanmu da suka riga mu yin irin wannan aiki. Mu da muka gama sakandare a 1976 a ɗaya daga cikin kwalejojin nan na Zariya muna shirin taron cika shekara 50, aka ɗora mini haɗa ɗan littafi mai labarin kowa: inda rayuwa ta kai shi da inda yake zaune yanzu. Na tsara fom na rarraba, a ciki akwai gurbin da na sa wa "muƙamai da nasarori".

Waɗanda suka fara maido da fom ɗin kun san su. Tsohon babban sakatare ya cike gurbin har ya ƙaro takarda. Mai sarauta ya turo hotonsa da rawani da alkyabba. Madalla, Allah Ya ƙara ɗaukaka. Amma fiye da rabin aji shiru kake ji. Jiya kuma saƙo ya shigo daga wani ɗan ajinmu wanda a zamaninmu shi ke zaunar da mu da daddare yana warware mana lissafi. Ya ce shi bai zama komai ba, don Allah a cire sunansa kada ya rage wa littafin kwarjini. Mutumin nan shekara 35 ya yi yana koyarwa a firamaren ƙauyukan wajen Soba, ya yi ritaya yana hedimasta.

To in cire shi ne? Ko in rubuta masa da hannuna? Sannan wajen jera sunaye, da wa za a fara?

Dan_Kwarbai:
Wa alaikumus salam. Ta ƙarshen ba ta da wuya. Ku bi lambar shiga makaranta. Mu a Barewa kowa da lambarsa mai harafin B a gaba, kuma har gobe da ita ake gane waye babba waye ƙarami. Ko kai gwamna ne, wanda lambarsa ta riga taka yayanka ne, dole ka rusuna. Makarantar da aka kafa a nan Zariya tun 1921 ta fitar da Tafawa Ɓalewa da Gowon da Murtala da Shagari da 'Yar'aduwa, amma a rajista ba a ware musu shafi na zinariya ba.

Malamin_Tarihi_Kongo:
Alhaji Dan_Kwarbai, gyara kaɗan. Ba a Zariya aka kafa ta ba. A Katsina aka fara ta a 1921, aka mai da ita Kaduna a 1938, sai a 1949 ta zo Zariya, sunan Barewa kuwa sai 1971 aka raɗa mata. Saboda haka Tafawa Ɓalewa da Sardauna 'yan Kwalejin Katsina ne, ba su taɓa kwana a ɗakunan Titin Gaskiya ba.

Abin da ya sa na tsoma baki ma shi ne, wannan tarihin ya shafi tambayar Sakatare kai tsaye. Kwalejin Katsina an kafa ta ne don horar da malaman makaranta. Sardauna da ya gama, Midil ta Sakkwato ya koma ya koyar. Tafawa Ɓalewa a Midil ta Bauci ya koyar har ya shugabance ta. Malam Aminu Kano ma a Bauci ya koyar, daga baya Maru. Shagari malamin makaranta ne shekaru kafin siyasa. Umaru Musa 'Yar'aduwa, da ya gama karatun kemistiri a ABU, a nan Zariya ya koyar a kwalejin share fagen shiga jami'a kafin ya koma Katsina. Wanda ya riƙe alli shekara 35 bai fita daga layin manyan nan ba.

Dan_Kwarbai:
Na karɓi gyara, Malam. Amma maganar lamba tana nan.

Gaskiya_Daci:
Malamin_Tarihi, ranka ya daɗe, hujjar nan taka tana iya juyowa ta sare ka. Duk waɗanda ka lissafa, mun san sunayensu ne saboda sun ajiye allin. Abokan aikinsu da suka tsaya a aji har tsufa, kawo mini sunan mutum uku daga cikinsu ba tare da ka buɗe littafi ba. Mu daina yaudarar kanmu. Hedimastan nan ba wawa ba ne, ya karanta yadda duniyarmu take ne ya ce a cire shi. A wurin taron ma za ku gani: masu jiniya a babban teburi, shi kuma a kujerar roba ta baya, kusa da masu rabon lemo.

Kuma wa zai biya kuɗin buga littafin? Ba masu muƙaman ba? Wanda ya ba da miliyan ba zai yarda a sa shi a shafi na arba'in ba don lambarsa ta zo a ƙarshe.

Hajiyar_Gyallesu:
Ku maza ai naku da sauƙi, ko ba komai kun san inda za ku nemo junanku. Mu 'yan makarantar horon malamai mata, da muka tashi yin namu, rabin aji ma ba mu san a wane gari suke ba. Wata an cire ta tana aji uku aka yi mata aure, wata miji ya tafi da ita Legas, wata sunan da muka san ta da shi ba shi take amsawa yanzu ba, sai ka ce Maman wane kafin a gane ta. Da muka sami wata a cikin birni, ashe bayan aure ta koma ta karanci ungozoma, ta yi shekara da shekaru tana karɓar haihuwa a ƙaramin asibitin unguwa. Ranar da muka je gidanta, kafin mu sha ruwa mata uku sun shigo da jarirai a duba musu cibiya, alhali ta daɗe da yin ritaya. Da muka ce ta faɗi nasarorinta, dariya ta yi ta ce ita me ta yi?

Sakatare, laifin fom ɗinka ne, ka yi haƙuri. Mutumin kirki a ƙasar Hausa ba ya zama ya lissafa alherinsa da bakinsa. Mu abin da muka yi, kowace ta rubuta labarin wata, ba nata ba.

Sakataren_Aji76:
Hajiya, wannan dabara ta shige ni. Sai dai ina tsoron abin da wasu za su rubuta a kan wasu. Akwai waɗanda tun rigimar kwanon gabza ta aji biyu ba su shirya ba.

Manomin_Giwa:
Hahaha! Gabza! Sakatare ka tuna mini. Miyar da za ka hangi fuskarka a ciki.

Ni dai ga nawa labarin tunda ana tambaya, ko da yake ajinmu na gaba da naku da shekara biyu. Na yi aikin malamin gona har na gaji, na yi ritaya, na dawo gonar gado a wajen Giwa. Masara nake yi, irin SAMMAZ ɗin nan da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ke fitarwa, sai waken soya da ɗan wake a ƙarshen damina. Shekara talatin ina gaya wa manoma su bar tazara kaza tsakanin shuka, su sa taki a kan lokaci, suna cewa to Malam. Sai da na sa kuɗina na sayi buhun taki sannan na gane dalilin da suke ce mini to su wuce. Yanzu gwiwa ta ƙi, yara ke yi ina zaune gindin ɗorawa ina faɗa. Jikoki goma sha. Hawan jini da sauƙi. In za a sa wannan a littafi, bismilla.

Ummu_Khalil:
Baba Manomin_Giwa, Allah Ya ƙara lafiya. Wallahi irin wannan ne mu yara za mu karanta har ƙarshe. Jerin muƙamai ba mai karantawa sai mai shi da matarsa.

Farfesa_Samaru:
Ina bin maganar tun safe, kuma na ga ta fara karkata inda ba na so. Kada garin girmama hedimasta a mai da muƙami abin kunya. Wanda ya zama babban sakatare ko alƙali ko farfesa ba daga sama abin ya faɗo masa ba. Wasunmu daga sakandare muka shiga makarantar share fage ta ABU, muka yi digiri, muka yi hidimar ƙasa, muka dawo muka riƙe aji a shekarun da albashin malamin jami'a ba ya kai shi ƙarshen wata, bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986. Abokanmu da yawa suka tsere banki ko ƙasar waje, muka tsaya. In na rubuta cewa na yaye masu digiri na uku, ba alfahari ba ne, aikin da na yi ke nan, kamar yadda Manomin_Giwa ya faɗi masararsa.

Kuma yaran da ke makarantar yanzu suna bukatar su ga cewa wanda ya kwana a ɗakin da suke kwana ya kai wani matsayi. Marigayi Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais ɗan garin nan ne, ya riƙe Alƙalin Alƙalan Nijeriya daga 1995 zuwa 2006. Yaron Zariya da ya ji haka, zuciyarsa za ta ɗaga. Wannan ba ƙaramin amfani ba ne.

Gaskiya_Daci:
Farfesa ya faɗi tawa da lafazi mai daɗi.

Farfesa_Samaru:
A'a, ban faɗi taka ba. Kai cewa ka yi mai kuɗi shi ke da shafin farko. Ni ban ce haka ba.

Dan_Autan_Baba:
Iyayena, ku gafarce ni in sa baki, ni ba tsararku ba ne. Mahaifina na cikin 'yan shekarun nan naku, da wayarsa nake shigowa nan in karanta masa. Shekara uku ke nan yana kwance da shanyewar ɓarin jiki. Magana tana yi masa wuya, amma in na karanto sunan wani ɗan ajinsu sai ka ga fuskarsa ta sake, wani lokaci har ya yi ƙoƙarin faɗin sunan tsokanar da suke kiran mutumin. Fom irin wannan ya zo mana daga nasu ajin, yana nan a kan talabijin, ban san me zan cike ba. A cikin shekara ukun nan mutum biyu ne daga ajinsu suka tako gidanmu, ɗayansu a kan babur ya zo daga Tudun Wada da lemo a leda. Ba ƙorafi nake ba, kowa da abin da ya dame shi. Amma da za a rage kuɗin littafi a sa mai a mota a zagaya marasa lafiya, da ya fi mana.

Hajiyar_Gyallesu:
Allah sarki. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne. Kai kuma Allah Ya yi maka albarka, ɗana.

Dan_Kwarbai:
Amin. Yaro ya faɗi abin da ya fi ƙarfin bakinmu.

Tsohon_Akawu:
Allah Ya ba shi lafiya. Ni a ganina shirun da Sakatare ke ji daga rabin aji ba kunya ba ce kawai, fansho ne. Mutumin da ke jiran garatutinsa shekara da shekaru, kullum ana kiransa tantancewa ya bi layi da fayil a hammata, ka aiko masa da takarda ka ce ya rubuta nasarori, kuma a ƙasa ka sa lambar asusun da zai tura gudummawa? Tsararrakinmu ne suka faɗa tsakiya: mun shiga aiki a tsohon tsari, inda gwamnati ke biyan fansho daga aljihunta, aka zo da dokar 2004 ta adashin fansho muna tsakiyar aiki. Waɗanda ya rage musu 'yan shekaru kaɗan aka bar su a tsohon, sauranmu aka juye mu a sabon. Jihohi kuma kowace da lokacin da ta shiga da yadda ta shiga. Sai ka ga mutum biyu ajinsu ɗaya, matakin albashinsu ɗaya, amma abin da ke shigo musu a wata ya sha bamban.

Manomin_Giwa:
Akawu, kada ka tayar mini da hawan jinin da na ce da sauƙi.

Likita_a_Ingila:
Gaisuwa daga nesa. Ni ina cikin waɗanda in aka buga littafi za a ce sun yi nasara. Na gama koyon likitanci a Zariya lokacin asibitin koyarwa na Tudun Wada, kafin a koma Shika, na fito waje da niyyar ƙaro ilimi in dawo, ga shi har furfura ta cika kai. Gida akwai, mota akwai, alhamdu lillahi. Amma jikokina ba mai iya gaishe ni da Hausa, mahaifiyata kuma ta rasu ina cikin jirgi. Hedimastanku in ya fita kasuwar ƙauyen da ya koyar, mutum nawa ne za su tashi su karɓar masa kaya? Ni in na fita nan ba wanda ya san ni sai mai kantin da ke kusa. Ban ce ya fi ni ba, ban ce na fi shi ba, kowa dai da abin da ya biya.

Gaskiya_Daci:
Likita, to ku yi musanya mana, ka karɓi fanshonsa ya karɓi naka.

Likita_a_Ingila:
Ka ci ni a nan. Ba zan iya ba.

Dan_Wusasa:
Sannunku. Akwai waɗanda ba a ambata ba tukuna. A zamaninmu makarantun Zariya ba na Zazzagawa kaɗai ba ne. Mu a St Paul's ta Wusasa, wadda ta koma Kufena bayan gwamnati ta karɓi makarantun mishan, ajinmu akwai 'yan Kafanchan da Zonkwa da Filato da ƙasar Yarabawa, Kirista da Musulmi, kwano ɗaya muke ci. Haka sauran kwalejojin. Yau in an tashi taron tsofaffin ɗalibai sai ka ga waɗanda ke zaune Zariya da Kaduna da Abuja ne kawai. Sauran ba wanda ya neme su, wasu kuma tun rikice-rikicen da aka yi suka ɗauke ƙafa daga garin. Sakatare, a rabin da suka yi shiru, ka tabbata fom ɗin ya kai gare su kuwa?

Sakataren_Aji76:
Yayana Dan_Wusasa, gaskiya ta WhatsApp na tura, wanda ba ya ciki sai in wani ya kai masa. Akwai ɗan Kagoro da muka yi gado sama da ƙasa da shi, rabona da labarinsa tun muna hidimar ƙasa.

Malamin_Tarihi_Kongo:
Ajin 1976 ma aji ne na musamman in an duba. Kuna aji biyar aka kashe Murtala ran 13 ga Fabrairu, kuka rubuta jarrabawa, a watan Satumba kuma aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. Yara suka cika makarantu, malamai suka yi ƙaranci, aka riƙa ɗiban waɗanda suka gama sakandare ana ba su gajeren horo ana tura su aji. Ba mamaki ta wannan ƙofa hedimastanku ya shiga. Wanda gidansu ke jiran albashinsa ba ya iya cewa zai wuce jami'a, ko da shi ke ɗaukar na ɗaya. Wannan ya kamata ya shiga littafin, don jikoki su san ba ƙwaƙwalwa ce ta raba ku ba.

Sakataren_Aji76:
Haka aka yi kuwa. Mahaifinsa ya rasu muna aji huɗu, shi ne babba, ƙanne bakwai.

Alkalin_Zaure:
Kowa na ta shirya yadda za a karrama bawan Allah nan, ba wanda ya tsaya a kan abin da shi ya ce. Ya ce a cire sunansa. Dattijo ne mai hankalinsa. In kuka rubuta labarin rasuwar mahaifinsa da ƙannensa bakwai kuka buga, kuka raba a zauren taro, kun tallata shi ne a matsayin abin tausayi, wanda wataƙila shi ne ainihin abin da yake gudu. Har a nan ma, Sakatare, bayanin da ka yi ya isa wanda ya san ajinku ya gane shi. Suna da lamba a jerin 'yan aji, wannan haƙƙin aji ne, ba mai goge shi. Amma labari nasa ne, sai da izininsa.

Kuma ku tuna akwai waɗanda shirunsu na da dalili mai nauyi: wanda kasuwa ta karye masa, wanda aka kora daga aiki, wanda ya yi zaman kurkuku, wanda ciwon tabin hankali ya kama. Su ma 'yan aji ne. Dabarar Hajiya ta wani ya rubuta labarin wani tana da kyau, amma a nuna wa mai labarin kafin a kai maɗaba'a.

Hajiyar_Gyallesu:
Mun nuna musu mana, Alhaji. Biyu suka ce a'a, muka sa suna da hoto kawai.

Ummu_Khalil:
Waɗanda suka rasu fa? Kada a yi musu jerin suna kawai da "Allah Ya jiƙansu". A nemi 'ya'yansu su rubuta ko layi biyar ne. Ni ban san mahaifina ya yi wasan hoki ba sai a bakin abokinsa ranar sadakar bakwai.

Sakataren_Aji76:
Na kira shi bayan la'asar. Mun fi awa muna magana, rabinta dariya. Na ce masa na soke gurbin nasarori, zan sa tambaya uku kawai: ina kake, me kake yi yanzu, wa kake nema a cikin 'yan aji. Ya ce ta ukun zai amsa, ya lissafo mini mutum huɗu, biyu daga ciki sun rasu bai sani ba. Na farko da ta biyu ya ce zai yi tunani. Taron kuwa ya ce ba alkawari, wai lokacin girbi ne. Ban matsa ba.

Farfesa_Samaru:
Soke gurbin gaba ɗaya kuma ya yi yawa. Ka bar shi, wanda ya ga dama ya cike. Waɗanda suka riga suka turo nasu fa, ka ce musu me?

Gaskiya_Daci:
Ka ce wa tsohon babban sakatare an zubar da takardarsa ta ƙari, ka ga ko cak ɗinsa zai iso.

Dan_Kwarbai:
Lamba dai, jama'a. Ku bi lamba, kowa rabin shafi, hoto ɗaya na da, ɗaya na yanzu. Mai son ƙari ya sayi shafin talla a baya, kuɗin a sa a asusun marasa lafiya da Dan_Autan_Baba ya yi magana.

Tsohon_Akawu:
Wannan asusun wa zai riƙe shi? Don na ga yadda irinsa ya ƙare a wani aji, har yau ba a ga rasit ba. In za a yi, sa hannun mutum uku, kuma a karanta lissafi a gaban kowa.

Manomin_Giwa:
Ni dai ku matsar da taron bayan an gama cashe masara, hedimasta ya yi gaskiya. Duk wanda ya sa taro a watan girbi bai taɓa noma ba. Dan_Autan_Baba, turo mini kwatancen gidanku ta akwatin sirri, ranar Juma'a ina shigowa gari sayen maganin feshi a Sabon Gari.

Dan_Wusasa:
Sakatare, ɗan Kagoron nan, turo mini sunansa a gefe. Akwai wani fasto abokina a Kafanchan da ya san gidaje da yawa a can.

Sakataren_Aji76:
Na tura maka. Maganar gurbin nasarori kuma zan kai wa kwamiti ranar Asabar, don shugaban kwamitin shi ne mai takardar ƙarin.